George Enescu da kiɗan da ya tsaya masa a gaba

Tambaya: Na ci karo da wani kiɗa a YouTube, Rapsodi na Romaniya na ɗaya, na wani George Enescu, kuma ya shige ni ƙwarai. Wane ne mutumin? An ce mini har hotonsa ke jikin kuɗin ƙasarsu, to me ya sa ba a jin sunansa kamar na Mozart ko Beethoven? Idan ina son ƙarin irin wannan, me zan nema?

Malam, abin da ka ji aikin saurayi ne ɗan shekara 19. Enescu ya kammala shi a watan Agustan 1901, saura 'yan kwanaki ya cika 20, sannan ya shafe fiye da shekara 50 duk inda ya sauka ana roƙonsa ya sake kaɗa shi. Har ta kai yana faɗa a fili cewa Rapsodin nan guda biyu, wannan da na biyun da ya rubuta, sun ishe shi, don sun tare hanya sun hana a ga abin da ya yi bayansu. Rabin amsar tambayarka ta biyu ke nan. Ɗaya rabin kuwa gogensa ne, wato gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, wanda ya ciyar da shi kuma ya cinye masa lokaci.

An haife shi ran 19 ga Agusta 1881 a ƙauyen Liveni, can arewa maso gabashin Romaniya, a yankin Moldabiya. Shi ne na takwas a wurin iyayensa, kuma shi kaɗai ya rayu, bakwai ɗin da suka gabace shi duk sun rasu suna ƙanana. Kana iya ƙiyasta irin lallaɓawar da aka yi wa yaron nan. Mahaifinsa mai kula da gonaki ne, ba matalauci ba, ba kuma basarake ba. Kiɗan da ya fara shiga kunnen yaron na lăutari ne, kuma sai ka fahimci su wane ne waɗannan kafin ka fahimci Enescu. Makaɗa ne na sana'a, yawancinsu daga al'ummar Roma, waɗanda bayi ne a ƙasar har zuwa 1855 da 1856 da aka soke bautar. Su ke kiɗan biki da na mashaya da na gidajen masu ƙasa. Sana'ar gado ce, ɗa ya ɗauka a wurin uba da kunne, babu takarda, kamar dai yadda ɗan mai goge a wajenmu ke tasowa yana riƙe wa ubansa ƙwarya har hannunsa ya faɗa. Kayan aikinsu goge ne, da cobza mai kama da garaya, da nai wato sarewa mai jerin bututu, da țambal, wani faffaɗan akwati mai tsirkiyoyi da ake bugawa da 'yan sanduna biyu.

Da aka ga abin yaron ya wuce wasa, sai aka kai shi wurin wani malamin goge, Eduard Caudella, a birnin Iași, shi kuma ya ba da shawara a wuce da shi Biyana, babban birnin Ostiriya. A 1888, yana ɗan shekara 7, aka karɓe shi a makarantar koyon kiɗa ta birnin, abin da kafin shi Fritz Kreisler, shahararren mai goge, kaɗai aka yi wa a irin wannan shekaru. Ya koyi goge a hannun Joseph Hellmesberger ƙarami, kuma ya ga Brahms, babban mai tsara kiɗa na Jamus, ido da ido lokacin tsohon yana raye. A 1895 ya koma Paris, inda ya zauna gaban Massenet da Fauré a fannin tsara kiɗa, da André Gedalge a fannin saƙa muryoyi da juna. Ravel, wanda ya zama shahararren mai tsara kiɗa na Faransa, abokin karatunsa ne. A watan Fabrairun 1898 ƙungiyar makaɗan Édouard Colonne ta kaɗa aikinsa na farko mai lamba, Poème roumain, marubucin yana ɗan shekara 16. Daga nan gida ta san ta samu ɗa. Sarauniya Elisabeta, wadda ke rubuta waƙoƙi da sunan Carmen Sylva, ta jawo shi jiki, ya riƙa zuwa fadar Peleș a Sinaia yana kaɗa mata.

Ka lura da wannan haɗin, domin shi ne asalin mutumin: kunne na ƙauyen Moldabiya, ginin kiɗa na Jamusawa, launi da laushi na Faransawa. Masu sukar Paris sukan ce ya cika Jamusanci, a wasu wurare kuma a ce Bafaranshe ne. Mutumin da ba a san aljihun da za a saka shi ba yakan sha wuya a tarihin kiɗa, don malaman makaranta sun fi son wanda za a bayyana a jimla ɗaya.

Rapsodin da ka ji ba shi da laifi, kar ka ɗauka ina rage masa daraja. Yana buɗewa da sarewar kilarinet ita kaɗai tana rera wata waƙar mashaya da kowa ya sani a Romaniya, ta mutumin da ke da kuɗi leu ɗaya yana son ya shanye shi, wata sarewar ta amsa mata, sannan raye-raye su yi ta shigowa ɗaya bayan ɗaya, gudu na ƙaruwa har a kai inda gogen ke kwaikwayon kukan tsuntsu. Amma karin waƙoƙin ba nasa ba ne. Aro ya yi daga lăutari na birni ya yi musu ado da babbar ƙungiyar makaɗa. Gwaninta ce ta mai shiryawa. Abin da ya kamata ya ba ka mamaki shi ne cewa shekara guda kafin wannan, a 1900, ya riga ya gama Oktet ɗinsa, kiɗan goge takwas manya da ƙanana, mai tsawon kusan minti 40, kashi huɗu da aka ɗinke suka zama gini guda, inda karin da ka ji a farko ke dawowa a ƙarshe sun hau kan juna cikin rawa. Colonne ya fara gwada shi da makaɗansa ya ajiye, ya ga abin ya yi tsauri, sai a 1909 aka kaɗa shi a bainar jama'a. A ganina wannan ne ainihin shaidar baiwar yaron, ba Rapsodi ba.

To, ina sauran aikin? Ayyukan da ya yarda ya sa wa lamba 33 ne kacal, a rayuwar shekara 73. Dalili na farko cin abinci ne. Enescu yana cikin manyan masu goge na zamaninsa, ya iya piyano yadda ƙwararru ke jinjina masa, kuma jagoran makaɗa ne da ake nema. A 1923 ya fara zuwa Amurka, ya jagoranci ƙungiyar makaɗan Philadelphia, daga nan ya yi ta komawa, har a shekarun 1930 sunansa ya shiga cikin waɗanda ake ambata za su gaji Toscanini, shahararren jagoran makaɗa, a New York. Tsarin shekararsa kusan ɗaya ne: damina da kaka na Turawa ya ɓuya a gidansa na Luminiș a Sinaia ya yi rubutu, sauran watanni yana cikin jirgin ƙasa da na ruwa yana neman abin da zai riƙe shi. Shi kansa bai ɓoye ba cewa mai tsara kiɗa yake ɗaukar kansa, gogen hanyar samun 'yanci ce kawai. Sai dai 'yancin bai taɓa isa ba. Yaƙin duniya na ɗaya ya cinye abin da ya tara. A lokacin yaƙin yana Iași yana kaɗa wa sojojin da suka ji rauni a asibitoci, kuma a 1917 aka haɗa akwatin rubuce-rubucensa da dukiyar gwamnatin Romaniya aka aika Mosko don ajiya. Juyin juya halin Rasha ya rutsa da su a can. Sai a 1924 takardun suka dawo hannunsa, da taimakon jagoran makaɗa Bruno Walter. Ga shi kuma mutum ne mai sakin hannu: da kuɗin yawon kiɗansa ya kafa gasar matasa masu tsara kiɗa a Romaniya tun kafin yaƙin.

Dalili na biyu ya fi ban sha'awa. Ƙwaƙwalwarsa ta yi ƙarfi har ta zama masa cikas. Yehudi Menuhin, shahararren mai goge wanda ya fara karatu a wurinsa a 1927 yana yaro, ya ba da labarin ranar da Ravel ya faɗo musu ana cikin darasi da sabon sonatarsa, wato kiɗa mai kashi-kashi na goge da piyano, yana son su gwada. Enescu ya kaɗa sau ɗaya yana kallon takarda, sannan ya rufe ta ya sake kaɗawa da ka. Mutum irin wannan yakan gama aiki a cikin kansa ya ɗauke shi shekaru yana juyawa, bai ga gaggawar zubawa a takarda ba. In ya zauna rubutawa kuma ba ya gamsuwa, ya yi ta gyara. Shi ya sa ya bar tarin ayyuka rabi da rabi, ciki har da simfoni, wato dogon kiɗa na babbar ƙungiyar makaɗa, na huɗu da na biyar, waɗanda Pascal Bentoiu ya kammala shekaru da yawa bayan rasuwarsa.

Yanzu ga inda nake son ka kai kunnenka. A 1926 ya rubuta Sonata ta uku ta goge da piyano, ya rubuta a kanta cewa cikin ɗabi'ar kiɗan gargajiyar Romaniya take. Babu karin waƙa ko ɗaya na aro a ciki. Duk nasa ne, amma wanda ya tashi a Moldabiya zai rantse ya taɓa jin su a wani biki. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki yadda lăutar ke magana da goge, ba abin da yake faɗa ba: jan sauti daga ƙasa a zame zuwa inda ake so, rawar yatsa da ke farawa a hankali ta ƙaru, sautukan da ke faɗawa tsakanin maɓallan piyano biyu inda kiɗan Turawa ba shi da gurbi, da tafiyar doina, wato waƙar kewa da ba ta bin bugun ganga, tana miƙewa tana tsayawa yadda numfashin mai magana ke yi. Duk wannan da makaɗin ƙauye ke yi ba tare da tunani ba, Enescu ya zauna ya rubuta shi dalla-dalla. In ka ga shafin takardar za ka tausaya wa mai kaɗawa, kusan kowane sauti da umarninsa a kai: da wane ɓangaren sanda za a goga, a wace tsirkiya, yatsa ya yi rawa ko ya tsaya cik. Sakamakon kuwa, in an kaɗa daidai, sai ka ɗauka mutumin yanzu yake ƙirƙirar abin a gabanka.

Saurari farkon kashi na biyu da kyau. Piyano na buga sauti guda ɗaya can sama, tana maimaita shi, tana maimaita shi, ba daidai-wa-daida ba, kamar abu na ɗiga. A kansa gogen na shigowa da wata siririyar murya marar jiki, don mai kaɗawa taɓa tsirkiyar kawai yake yi bai danne ta ba, sai ta fito kamar sarewar makiyayi daga nesa. An daɗe a haka kafin abin ya kumbura ya fashe, piyanon ta koma ruri kamar țambal. Minti takwas ko tara ne, kuma ban san wani wuri a kiɗan ƙarni na 20 da ya yi kama da shi ba.

A nan ne ya bambanta da Bartók, mai tsara kiɗa na Hangari, wanda aka haifa shekara ɗaya da shi, kuma sun taɓa hawa dandali tare a Bukares a 1924. Bartók ya bi ƙauyuka da na'urar ɗaukar murya, ya tattara dubban waƙoƙin manoma, har da na Romaniyawa, ya rarraba su kamar masanin kimiyya. Enescu bai yi wannan ba. Abin da ya ji yana yaro ya narke a cikinsa, daga can yake ɗebowa. Wata dabarar da ya ɗauko daga nan ita ce barin kayan kiɗa da yawa su bi kari ɗaya amma kowa da 'yar karkatarsa, wannan ya ɗan makara, wancan ya ƙara ado, wani ya tsaya a kan sauti guda sauran su wuce shi. Turawan yamma sun saba da jera sautuka daban-daban a kan juna su tafi tare kamar sojoji. Nasa ya fi kama da taron mutane masu rera abu ɗaya ba tare da mai ba da umarni ba. Wannan ne ke sa kiɗansa na girma ya yi wa sabon kunne duhu a ji na farko. Ba ka samun karin da za ka fita kana fito da shi. Kuma gaskiya, wani lokacin yakan cika saƙa har zaren ya ɓace wa mai sauraro, musamman a Simfoni na biyu. Masu cewa kiɗansa na da wuyar shiga ba ƙarya suka yi ba.

Babban aikinsa shi ne Oedipe, wasan kwaikwayo na waƙa, irin wanda ake kira opera. A 1909 ya ga ɗan wasa Mounet-Sully ya fito a matsayin Oedipus a Paris, abin ya kama shi. Edmond Fleg ya rubuta masa baitocin da Faransanci, yaƙi ya shiga tsakani, bai gama ba sai 1931, kuma ba a nuna shi ba sai ran 13 ga Maris 1936 a gidan opera na Paris. Labarin tatsuniyar Girkawa ce: an yi duba tun ranar haihuwar yaro cewa zai kashe ubansa ya auri uwarsa, aka jefar da shi, makiyayi ya tsince shi, ya girma a wata masarauta, ya gudu don kauce wa duban, gudun kuma ya kai shi ga aikata shi cikin rashin sani. Sophocles, marubucin wasan kwaikwayo na tsohuwar Girka, ya ɗauki ƙarshen labarin ne. Enescu da Fleg suka ɗauko shi tun daga shimfiɗar jariri har kabari, kashi huɗu.

Wurin da ya fi tsaya mini shi ne haɗuwarsa da Sphinx, dodanniyar da ta tare ƙofar birnin Thebes tana kashe duk wanda ya kasa amsa kacici-kacicinta. A nan sun canja tambayar. Cewa ta yi ya faɗi abin da ya fi ƙaddara girma, shi kuma ya amsa da cewa mutum. (Ƙaddarar da ake nufi a nan hukuncin gumakan tatsuniyar Girka ne, masu ɗora wa jariri laifi tun bai buɗe ido ba, ba abin da muke nufi da kalmar a tauhidi ba.) Dodanniyar ta fara mutuwa, tana dariya tana kuka, tana ce masa gaba ce za ta nuna ko kukan faɗuwa take yi ko dariyar nasara. Muryar mai waƙar na hawa sama tana zamewa, kuma daidai inda muryar ɗan Adam ta ƙare, sai zarto ya karɓa, zarto na kafinta da ake lanƙwasawa a goga masa sanda, ya ci gaba da hawa har ya ɓace. Ba ka gane inda mace ta tsaya ƙarfe ya fara. A kashi na ƙarshe Oedipus, yanzu tsoho makaho, ya isa kusa da birnin Atina yana cewa shi ba mai laifi ba ne, tunda bai taɓa nufin abin da hannunsa ya aikata ba, kiɗan kuma ya yi sanyi ya washe. An yaba wasan a 1936, amma yana bukatar makaɗa masu yawan gaske da jarumin da zai ɗauki kusan dukan daren a wuyansa, ga yaƙin duniya na biyu ya ƙaraso. Bukares ba ta gan shi ba sai 1958, a ƙarƙashin Constantin Silvestri. Gidan opera na Covent Garden a Landan sai 2016.

Ƙarshen rayuwarsa ba daɗi. Ya daɗe yana son Maria Cantacuzino, wadda ake kira Maruca, matar wani basarake, ita ya sadaukar wa Oedipe. Mijinta ya rasu a 1928, ta yi fama da taɓin hankali, Enescu ya ajiye aiki ya yi jinyarta, suka yi aure a ƙarshen shekarun 1930. A 1946, da 'yan gurguzu suka fara kama ƙasar, suka fita, bai sake komawa ba. Dukiyarsu ta tafi. Ya ƙare a 'yan ɗakuna a titin Clichy a Paris, ciwon ƙashin baya ya tanƙwara shi, kunnensa ya fara ba shi matsala, amma dole ya ci gaba da koyarwa da hawa dandali. Gwamnatin Bukares ta yi ta zawarcinsa ya dawo, ya ƙi. A 1954, yana kan kammala Simfonin ɗaki, ƙaramin aiki na kayan kiɗa 12, ɓarin jikinsa ya shanye. Ya rasu ran 4 ga Mayu 1955, aka binne shi a maƙabartar Père Lachaise.

Wannan ma ya taimaka wajen dusashe sunansa. Gwamnatin da ya guje wa ita ta mai da shi tambarin ƙasa: aka sa wa ƙauyensu sunansa, aka mai da fadar Cantacuzino gidan tarihinsa, aka kafa bikin kiɗa na Enescu a 1958, wanda yanzu ake yi duk bayan shekara biyu. Amma takardunsa da mafi yawan faya-fayan ayyukansa suka zauna a bayan shingen gurguzu, inda Yammacin Turai ba ta cika leƙawa ba. A Yamma kuma aka riƙa tuna shi a matsayin malamin Menuhin, da Arthur Grumiaux, da Christian Ferras, da Ida Haendel. Hoton da aka ce maka yana jikin takardar lei 5, gaskiya ne.

Game da abin da za ka nema, kar ka yi tsalle daga Rapsodi zuwa Oedipe, za ka gaji. Rapsodi na biyu yana kusa, ya fi na ɗaya natsuwa, kuma ni na fi son sa. Daga nan ka nemi Impressions d'enfance na 1940, tunanin yarinta a ƙananan sassa goma na goge da piyano. Yana farawa da makaɗin ƙauye shi kaɗai, sai tsohon almajiri mai bara, ƙoramar bayan lambu, tsuntsu a keji da agogon bango, waƙar reno, gyare, hasken wata ta taga, iska a bututun hayaƙi, hadarin dare, fitowar rana. Tunda kowane sashe da sunansa, kunnenka zai samu abin riƙewa yayin da yake sabawa da harshen mutumin. Bayan shi Sonata ta uku za ta buɗe maka. Akwai ɗaukar da Enescu ya yi da kansa tare da Dinu Lipatti a piyano a 1943, sautin tsoho ne mai ƙura amma babu kamarsa, akwai kuma ta Menuhin da ƙanwarsa Hephzibah ta 1936. Oktet kuwa a kowane lokaci ka shiga zai karɓe ka. In kana son jin hannunsa a kiɗan wani, nemi kiɗan goge biyu na Bach, tsohon mai tsara kiɗa na Jamus, da suka ɗauka da Menuhin a 1932. Wajen bincike ka gwada rubuta sunan da Enesco ma, don haka Faransawa ke rubuta shi, kuma yawancin tsofaffin faya-fayan da wannan sunan suka fito.